Karen Wane Ne?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a filin faɗakarwa na manoma da makiyaya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, da na Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, da duk wanda muryarmu ta iske a zaure ko a gindin bishiya, har da uwargida da ta jingine rediyo a bakin murhu. Sannunku da aikin kaka. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe.

A filin nan mun sha magana kan taki da iri, mun yi ta tumaki da awaki da kaji. Yau kuma kan wasu dabbobi biyu za mu tsaya, waɗanda suke cin abincin gidajenmu, suke yi mana aiki, amma ba a sa su a lissafi, wato kare da kyanwa. Tambayi magidanci me yake kiwo, zai ƙirga maka tumaki da awaki da jaki, har zabi sai ya faɗi adadinsu. Karen da ke kwance a ƙofar gidansa kuwa ba zai ambace shi ba, balle kyanwar da ke kan katanga.

Ranar farauta kowane kare da ubangidansa. In ya kama zomo, har kirari ake masa. Daren da ya yi haushi ya kori ɓarawon akuya, da safe kowa zai ji cewa karen gidan Malam wane ne. Amma ranar da ya ciji yaro, sai mai unguwa ya yi ta tambaya, "Karen wane ne?" a rasa mai amsawa. Sai a ce ai karen gari ne, yawonsa yake. To maganarmu ta yau ke nan: dabbar da kake mora, lafiyarta a wuyanka take, kuma lafiyar 'ya'yanka da ta 'ya'yan maƙwabta tana ɗaure da tata.

Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona. Sun kuma ba mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba, har ta mutu. Hukuncin yawun kare da wanke ƙwarya, wannan fagen malamai ne, mun bar musu. Abin da muka ɗauka daga karatunsu shi ne, duk abin da ka ajiye mai rai, amana ce.

Sannan ku dubi irin zaman da muke yi a wannan yanki. Daga Ungogo har ka dangana da ƙasar Kazaure, gona na jingine da gona, unguwa na hangen unguwa, babu wani dajin kirki da ya raba mu. Da damina awaki da tumaki suna turke a cikin gida, yara suna wasa a tsakar gidan, takin ma daga nan ake lodinsa a mangala a kai gona. Kare bai san iyakar gona ba; a dare ɗaya sai ya zaga unguwa uku ya dawo. Sakacin mutum ɗaya ba ya tsayawa a gidansa.

Mu fara da mafi muni, ciwon haukan kare. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, irin wadda likitoci ke kira bairos, kuma a cikin yawun dabbar da ta kamu take. In kare mai ciwon ya ciji mutum, ko ya lashi wani rauni a jikinsa, ko kyanwa mai ciwon ta yakushe shi, to ƙwayar ta samu ƙofa. Jijiya take bi, sannu a hankali, har ta kai laka da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwon yake da yaudara. Rauni zai warke, a manta, a ci gaba da harkoki. Galibi sai bayan wata 2 ko 3 alamu suke fitowa, wani lokaci mako 1 kacal, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da wuya ya fi saurin kaiwa saboda kusancinsa da ƙwaƙwalwa, kuma nan ne kare ya fi samun ƙaramin yaro, tunda tsayinsu ɗaya.

In ƙwayar ta isa, sai zazzaɓi, sai tsohon tabon ya kama ƙaiƙayi ko zugi, sai firgita. Mara lafiya na jin ƙishirwa, amma da an miƙo masa moɗar ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannun mai ba shi. Ko fifita aka yi masa sai ya zabura. A nan ne 'yan'uwa kan ce iskoki ne ko sammu, a yi ta turare da hayaƙi, ba wanda ya tuna da kwikwiyon da ya ciji yaron tun kafin a yi shuka. Jama'a, in alamun nan suka bayyana, kusan babu mai tashi, ko da a Ingila ko Amurka yake kwance.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suke ɗauka, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaici, hanyar tsare shi ta daɗe a duniya. Tun watan Yulin 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka ware duk shekara don yaƙi da ciwon, kuma burin hukumomin duniya shi ne kafin 2030 a daina rasa rai ta wannan hanya.

Yaya ake gane kare ya kamu? Iri biyu ne. Na farko kowa ya san shi: kare mai ladabi ya sauya hali, ya bar gida ya kama yawo, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta, itace ne ko dutse ko ƙafar jaki, muryar haushinsa ta dishe, yawu na dalala. Na biyun shi ne ke cin mutanen kirki. Karen ba ya faɗa, ba ya haushi. Zai raɓe a inuwar rumbu, haɓarsa ta ƙasa a sake, baki a buɗe, yawu na zuba, ya kasa haɗiya. Maigida ya duba ya ce, "Kai, ƙashi ne ya maƙale masa." Ya naɗe hannun riga, ya sa yaro ya riƙe kan, ya zura yatsu har maƙogwaro yana lalube, alhali jiya ƙaiƙayin dawa da lauje sun tsattsaga masa hannu. Babu ƙashi. Ciwon ne ya shanye naman haɓar. Don Allah, in kun ga kare a wannan hali, hannunku ya yi nesa da bakinsa. Kuma ku sani akuya da saniya da jaki ma suna kamuwa in aka cije su.

To in ƙaddara ta faɗa, kare ya ciji mutum, me za a yi? Abu uku.

Na ɗaya, wanki. Nan take, kafin a nemi mai babur, kafin a fara rigimar wane ne mai kare. A ɗauko buta da sabulu, kowane iri ne a gidan, ko na wanki ko na wanka. Mutum ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na cuɗa sabulu a cikin raunin, har minti 15. A duba agogon waya, don minti 15 yana da tsawo in yaro na kuka. Buta za ta ƙare a sake cikawa, ta ƙare a sake. Sabulu yana lalata ƙwayar cutar, ruwa yana kwashe ta. In akwai aidin ko sipirit, a zuba bayan wankin. Kada a cusa gashin karen a raunin, kada a sa toka ko ƙasa ko barkono, kada a ɗaure shi tamau.

Na biyu, asibiti, a ranar. Babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi ko wanda ya fi kusa da ku. In ba su da allurar, za su faɗa muku inda za a samu. Ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sauran kuma yadda likita ya tsara. In raunin ya yi zurfi ko a fuska yake, akwai wata allurar ta daban da ake yi a bakin raunin, akwai kuma ta sarƙe-haƙora. Kada a yi ɗaya a ce ai ciwon ya bushe. Mun san kuɗin da nauyi, amma in ta kama a sayar da akuya, a sayar.

Na uku, karen. In na gida ne kuma za a iya tsare shi ba tare da an sake cizon wani ba, a ɗaure shi kwana 10, ana tura masa abinci da ruwa daga nesa. Karen da ke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo, kafin kwana 10 zai nuna alama ko ya mutu. Sai dai kada a ce sai kwanakin sun cika za a fara allura. A fara, likita shi zai ce a tsaya ko a ci gaba. In kuwa mahaukaci ne a fili har aka kashe shi, kada a fasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara. A sanar da malamin dabbobi, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa a tabbatar.

Kada kuma a sayar da shi. Kun san masu zagayawa suna sayen karnuka, ana lodinsu zuwa kasuwanni irin ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato. Binciken likitocin dabbobi a Nijeriya ya sha gano ƙwayar ciwon a ƙwaƙwalwar karnukan da aka kai kasuwa suna tafiya da ƙafarsu. Wanda ya sallama karen da ya sauya hali don ya huta, ya tura wa wani bawan Allah mutuwa ne.

Iyaye mata, ga taku. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka, musamman in shi ya tsokani karen. Ku gaya wa 'ya'yanku cewa duk wanda kare ko kyanwa ta taɓa, ko ƙwarzane ne, ya zo ya faɗa, ba mai dukansa. Ku hana su jifan kare, da taɓa shi yana cin abinci, da ɗaukar 'ya'yan karya mai shayarwa. In baƙon kare ya nufo su, su tsaya cik, kada su ruga.

Amma duk wannan gyaran ɓarna ne. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin a jikin kare ake yin sa. Kwikwiyo in ya kai wata 3 a yi masa allurar haukan kare, a kuma maimaita duk shekara, a karɓi katin shaida a adana. Kyanwa ma haka. A Nijeriya ake haɗa wannan allura, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924. Allurar sanyi take so. Wadda ta wuni a rana a kan tebur a kasuwa ta riga ta mutu, don haka a hannun malamin dabbobi za a nema. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 a yanki, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa, kamar yadda ake share gefen gona don wutar daji ta rasa abin kamawa. An gwada a birnin Injamena na Chadi a 2012 da 2013, aka wuce wannan adadi, ciwon ya ɗauke na tsawon watanni, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Ƙasar Meziko kuwa ta dage shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa kare ya daina sa wa mutane ciwon a can.

Mu ɗan shaƙata, yanzu za mu dawo.

(Kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Mai sauraron da ya kama mu yanzu, muna magana ne kan lafiyar kare da kyanwa a gidajenmu na karkara.

Mafarauta sukan yi kuka da cewa karya ta haifi shida, huɗu sun mutu kafin yaye. Yawanci abu biyu ne ke cinye su. Na farko wani ciwo ne da likitoci ke kira fabo: kwikwiyo ya ƙi abinci, ya kama amai, sai zawo da jini mai mugun ƙarni, cikin 'yan kwanaki ya bushe ya mutu. Ƙwayarsa tana yin watanni a cikin ƙasa, shi ya sa in ya shiga gida, sabon kwikwiyon da aka kawo ma sai ya bi sahu. Akwai allurarsa, haɗe da ta wasu cututtukan, ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kusan wata 4. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai ya rayu tukuna.

Na biyu tsutsar ciki. Kwikwiyo yakan ɗauke ta tun a cikin uwarsa. In ka ga ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje, gashi a hargitse, dasashi fari fat, to ita ce. Ana ba da magani tun yana mako 2, a maimaita duk mako 2 har wata 3, babban kare kuma duk bayan wata 3. Da nauyin jiki ake auna maganin, saboda haka a tambayi malamin dabbobi. Wannan tsutsa ba ta tsaya kan kare ba. Ƙwanta yana fita a kashi, ya zauna a ƙasar da yara ke rarrafe, ya bi hannu ya shiga baki, wani lokaci ta kai har ido. Kashin kare da na kyanwa ba taki ba ne; a kwashe a binne, kada a haɗa shi da na awaki.

Yanzu ga wata magana ta ranar Babbar Sallah, da ta kowace rana a mahauta. An feɗe rago, an fito da kayan ciki a faranti, sai a ga wasu ƙulluttuka a jikin hanta ko huhu, farare, cike da ruwa, in ka latsa suna motsi. Mai fiɗa ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya waiga, ga kare na jira, ya cilla masa. A ganinsa ya yi sadaka. Alhali cikin ruwan nan akwai 'ya'yan wata tsutsa, waɗanda ba sa girma sai a hanjin kare. Bayan 'yan makonni karen zai fara zubar da ƙwanta a ciyawa da bakin rijiya. Tunkiya ta ci, ta yi irin ƙulluttukan. Mutum ya haɗiya, su fito masa a hanta ko huhu, su yi shekaru suna girma, ƙarshe sai tiyata. Haka ma tunkiya mai hajijiya, wadda ke ta kewaya wuri ɗaya: sau da yawa ƙullutun wata tsutsar ce a ƙwaƙwalwarta, kuma in aka ba kare kan, an sake shuka ciwon a garke. Sarkin fawa, Allah Ya ja zamaninka, a ja kunnen yara: duk naman da aka ƙi saboda cuta, a ƙone shi ko a binne da zurfi. Mushe ma haka. Kayan cikin da za a ba kare, lafiyayye, a dafa shi tukuna.

Sai abin da ke kan fata. Kaska tana taruwa a kunne da tsakanin yatsu, tana shan jini, tana kuma sa zazzaɓin da ke ramar da kare har ya kasa gudu. A kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa a kananzir, kada a murtsuke ta da yatsa. Ƙuma tana kwana a shimfiɗar kare, don haka a riƙa share wurin ana shanya buhun a rana. Da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta zauna, ka ga kwikwiyo duk marurai masu ƙaramin rami a tsakiya. Maganinsa sauya wurin ɗauri da tsabta. Ƙazuwa kuwa, wadda ke zubar da gashi har fata ta yi kaushi, tana da allura a wurin likitan dabbobi. Baƙin mai na inji da ake shafa musu ƙona fata yake yi, in suka lasa kuma guba ne. Masu yanke wa kwikwiyo kunne ko wutsiya da reza wai don ya yi zafi, ku bari. Azaba ce kawai da ƙofar cuta.

Tunda mun ambaci guba, yanzu ne lokacinta. An shigar da hatsi, ɓera ya taso, kowa na sayen shinkafar ɓera. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta ci. In kana da kyanwa, tarko ya fi maka. In kuwa dole sai guba, a sa inda dabba da yaro ba sa kaiwa, a tsince matattun ɓeraye a binne. Robar maganin feshi da ta Sniper, kada a mayar da ita kaskon ruwan kare ko da an wanke. Maganin kaska na shanu ba na kyanwa ba ne, na kare ma ba nata ba ne, yana sa ta karkarwa har ta mutu. Ku kuma riƙe wannan da kyau: farasitamol, wato Panadol da danginsa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin mutum na mutum ne.

Abinci fa? Karen ƙauye ya saba da ragowar tuwo da ƙanzo da dusa, kuma ba laifi, amma su kaɗai ba sa gina jiki. A haɗa masa da dafaffen wake, ko garin ƙuli-ƙuli, ko tsala, ko kan busasshen kifi da aka daka, musamman karya mai ciki ko mai shayarwa, da karen da za a fita da shi daji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son gudu a rani, tun kaka yake ciyarwa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji, a kiyaye. Albasa da tafarnuwa in sun yi yawa suna lalata jinin kare da kyanwa. Ruwa kuwa kullum, a kasko nasa na kansa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi, don haka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗaure shi a rana ba ruwa kisa ne. Da hunturu kuma a ba jarirai buhu da lungun da iska ba ta bugawa.

Kyanwa tana da nata hali. Ita maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari da jikinta ba ya samu sai a nama ko kifi, in ta rasa shi ido da zuciya ke lalacewa. Masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera sun yi kuskure, lafiyayyar kyanwa ita ke da ƙarfin farauta, mayunwaciya kuwa sata take komawa, ta buɗe tukunya ta ɗauki ɗan tsako. Ɗanyar madara takan sa babbar kyanwa zawo, kindirmo ya fi mata sauƙi. Aikin da take yi ba ƙarami ba ne: tana tsare rumbu, tana kuma rage ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin kare gida daga ciwon. Sai dai mace mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata cuta a cikinsa mai illa ga ɗan tayi. In kun ga gashin 'yar kyanwa na zuba a kewaye a kewaye, makero ne, kuma yana kama yara.

Abu na ƙarshe, haihuwa. Cikin karya da na kyanwa wata 2 ne da 'yan kwanaki, kyanwa kuma tun tana wata 5 ko 6 take iya ɗauka. In 'ya'ya suka yi yawa, sai a zuba su a kwali a kai bayan gari ko bakin kasuwa a ajiye. Waɗanda suka rayu su ne gobe ke yawo a juji, ba allura ba mai su, su ne kuma ciwon hauka ke fakewa a cikinsu. Likitocin dabbobi suna yi wa kare da muzuru fiɗiya, suna yi wa karya da kyanwa aikin tsayar da haihuwa. Karen da aka yi wa ba ya daina gadi, yawon dare da faɗa ne suke raguwa. Wanda ba zai iya ba, ya tsare karyarsa in ta zo lokacinta, ya kuma nemi masu karɓar 'ya'yan tun kafin a yaye su.

Jama'a, malamin dabbobi ba zai ɗauko akwatin ƙanƙara ya hau babur don kare ɗaya ba, amma zai zo don talatin. Saboda haka ga aikin da muke roƙo a yi a wannan mako. Ranka ya daɗe mai unguwa, a bi gida gida a rubuta kare nawa, kyanwa nawa, da sunan mai kowanne. Sarkin baka, kafin a buga gangar farauta ta bana, a ce duk karen da ba shi da kati ba zai hau mota ba. A kai lissafin wurin dagaci, a tura wakili sashen gona na ƙaramar hukuma a nemi a tsayar da rana, a yi shela a masallaci da kasuwa. Wanda ke kusa da birni kuma, asibitin dabbobi na Gwale yana nan. Maigida, kai ma kafin ranar ta zo, ka ajiye sabulu guda a inda kowa a gidan ya sani.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana kan ajiyar wake ba tare da an zuba masa guba ba. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiya lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)